Ƙafar Malam Ba-Zafi

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan burodin da ke bayan tashar mota ya san Malam Ba-Zafi, kuma duk wanda ya san shi ya taɓa jin haushinsa ko da sau ɗaya ne. Ba mugu ba ne, Allah shaida. Abincinsa na kowa ne, in motarka ta mace a hanya shi ne na farko wajen turi. Matsalarsa ɗaya ce. In wuƙa ta yanke ka, ka zo kana yarfe hannu, sai ya dubi jinin, ya dube ka, ya ce, “Wannan ɗin? Ba zafi.” Ciwon a jikinka yake, amma shi zai faɗa maka yadda kake ji.

Sunan ya same shi ne tun ranar da ya fara aiki, yana saurayi gemu bai gama tsirowa ba. Mai kula da tanderu a wancan zamani wani tsoho ne marar yawan magana, yana da hanyarsa ta gwada masu neman aiki. Ba ya tambayar daga ina kake ko wa ya aiko ka. Gwangwanin burodi zai zaro daga cikin wuta, ya miƙo maka, ya ce, “Riƙe min.” Mai hankali sakinsa yake yi ya kama gabansa. Namu kuwa ya karɓa hannu biyu, ya taka da shi har tebur, ya ajiye a hankali. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, hawaye na bin kumatu, amma da tsohon ya ɗaga masa gira sai ya ce, “Ba zafi.” Ma'aikata suka kwashe da dariya, aka ɗauke shi aiki, suna kuma ya bi shi har gida.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tafin hannun nan ya tashi ya ɗuri ruwa, ya yi kwana da kwanaki ko mazagin wando da ƙyar yake ɗaurewa. Ya fashe, ya bushe, sabuwar fata ta fito. Ta sake ƙonewa, ta sake fitowa, kowane karo ta fi ta baya kauri. Kafin shekara ta zagayo hannun ya yi kanta, ya daina damuwa da gwangwani. Daga nan Ba-Zafi ya samo ilimin da ya rayu a kansa: jiki bawa ne, abin da ka saba masa shi yake yi. In ka lallaɓa shi ya raina ka, in ka matsa masa ya miƙe. Ba a littafi ya karanta ba, a tafin hannunsa ya gani, to wa ya isa ya ja da shi?

Da tsohon ya rasu, tanderu ya dawo hannunsa. Tanderun na bulo ne, girmansa ya kai ƙaramin ɗaki. A cika shi da itace a kunna, in ya cinye a jawo garwashin waje da dogon ƙarfe, a share ciki da jiƙaƙƙen buhu, sannan a jera gwangwanaye. Ba-Zafi zai zura hannu har kafaɗa, ya ɗan karkatar da kai kamar mai sauraron gulma, ya ce a zuba ko a dakata. Gashin hannunsa ya daɗe da yin ƙaura, girarsa ma rabi ce. Mai gidan burodin, wata bazawara mai tausayi, ta taɓa sayo masa safar hannu mai kauri irin ta masu aikin wuta. Ya yi godiya sosai, ya mai da ita matashin kai na barcin rana. Ranar hutu kuwa a ƙofar gida za ka same shi da reza, yana rage kaurin kantar don yatsu su iya lanƙwasuwa, maƙwabta na wucewa suna kau da kai.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Goggo, ita ta fi kowa shan wannan ilimi. Ranar da take naƙudar 'yarsu ta fari yana tsaye a bayan taga, ya ji tana salati tana kiran uwarta, sai ya ga ya kamata ya ƙarfafa mata gwiwa. Ya ɗaga murya ya ce, “Daure, ba zafi!” Ungozoma ta leƙo ta ce in bai bar wajen ba za ta sheƙa masa tafasasshen ruwa su ga ƙaryar rashin zafi. Goggo kuwa sai da jaririya ta fara murmushi kafin ta sake yi masa magana mai daɗi. A haka 'ya'yan suka taso. A faɗi a ƙuje gwiwa, ba zafi. Allurar rigakafi, ba zafi. Haƙori ya yi kogo kumatu ya kumbura, ba zafi. Suka girma suka watse gidajensu, kuma har yau duk wanda ciwo ya kama a cikinsu uwar yake kira a waya, in uban ya ɗauka sai a gaisa a ce a ba Goggo. Wannan ya tsaya masa a rai, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

A wurin aiki kuma Allah ya haɗa shi da Dogo mai kwaɓa fulawa, abokinsa tun suna samari, mutumin da ko sauro ya cije shi sai gari ya ji labari. Aljihun Dogo kantin magani ne: na ciwon kai, na ciwon baya, na kumburin ciki, da wani wanda shi kansa ya manta na mene ne amma yana sha don kada a yi asara. Ba-Zafi na kiransa Amarya, shi kuma yana kiran Ba-Zafi Tukunya. Kullum suna faɗa, kullum a kwano ɗaya suke ci.

Ciwon bai yi sallama ba ya shigo. Da farko ƙishirwa ce, ya sha ruwa ya sake sha, ya yi ta zarya zuwa bayan gida. Ya ce zafin tanderu ne. Ya fara ramewa, wando na zamewa, ya ce telan ne bai iya awo ba. Abincin ranarsa bai canza ba tun yana saurayi: burodin da ya fashe ko ya ɗan ƙone wanda ba zai sayu ba, da shayi mai sukari har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Sannan ƙafafu suka fara. Sai ya ji kamar tururuwa na yawo a tafin, wani lokaci kamar ana soka masa allura. Ya yi musu abin da ya saba yi wa komai, wato ya yi biris. Aka jima tururuwar ta kwashe kayanta, ƙafa ta yi tsit.

Wallahi murna ya yi! Ya ce wa Dogo, “Ka ga abin da nake faɗa maka? Hannu ya daɗe da gama makaranta, yanzu ƙafa ma ta gama.” Ya tuɓe silifas ya taka tokar da aka jawo daga tanderu tana hayaƙi, ya tsaya a kai yana kallon ma'aikata yana murmushi. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

“Tukunya, wannan ba jarumta ba ce,” in ji Dogo. “Ƙanin matata haka ya fara. Ka je a auna jininka.”

“Ƙanin matarka ai irinka ne. Koma kan fulawarka, Amarya.”

Wata safiya ana cikin zubin farko, Dogo ya ɗago hanci daga kwaɓi ya ce, “Wa ya jefa roba a wuta?” Aka leƙa tanderu, babu. Aka bi ƙaurin, aka bi, har ƙafar Ba-Zafi. Wani ɗan garwashi ne ya faɗa tsakanin silifas da yatsunsa, ya ci robar ya huda ta, ya ci naman, ya mutu a wurin don kansa. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake nan. Ba-Zafi ya dubi ramin da ke ƙarƙashin yatsunsa ya faɗi kalmarsa. A duk rayuwarsa wannan ne karon farko da ya faɗe ta kuma gaskiya ce tsantsa, abin har ya ɗan ba shi tsoro, amma ya haɗiye. Ya yagi tsumma ya ɗaure, ya koma bakin wuta.

A gida ya fara sa safa. Mutumin da ko ranar aurensa bai sa safa ba! Goggo ta gani ta yi shiru, don ta san in ka tambaye shi ƙarya za ka saya. Ta zuba masa ido har wata rana da ya dawo ya miƙe a tabarma barcin rana ya ɗauke shi, ta ga ƙudaje sun bar kwanon abinci sun koma kan safar. Ta durƙusa ta zare ta a hankali. Ko motsi bai yi ba. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, bayan ƙafar ya kumbura yana sheƙi, ga wari. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashe shi ba tukuna. Ta kira ɗansu direba ta ce ya zo da mota yanzun nan, ta haɗa kaya a jaka, sannan ta taɓa kafaɗarsa.

“Malam, tashi. Unguwa za mu.”

“Wace unguwa da tsakar ranar nan?”

Ta ɗaga masa safar da yatsu biyu. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, “In ka faɗi kalmar nan, wallahi da wannan zan toshe maka baki.”

Likitar da ta karɓe su yarinya ce a idonsa, siririya mai tabarau, da ƙyar in ta kai autarsa. Aka ɗebi jini aka auna. Ta dubi abin da ya fito, ta dube shi, ta ce ciwon suga ne, kuma ba yau ya fara ba. Kafin ta taɓa ƙafar sai da ta kama hannunsa ta juya, ta ƙwanƙwasa kantar da bayan biro.

“Kai, Baba, wannan hannu ya ga duniya.”

Ya ji daɗi har ya gyara zama. “Ai haka ƙafar ma ta zama, 'yata. Sabo ne kawai.”

“A'a, Baba. Ba abu ɗaya ba ne.”

Ta jawo kujera ta zauna. Jikin mutum, in ji ta, an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowacce da ranta, tana ci tana aiki. In wahala ta zo musu daidai ƙarfinsu sai su yi dabara. Na fatar hannunsa, da suka ga kullum wuta kullum wuta, sai suka riƙa hayayyafa da sauri suna tara kauri a sama don su kare na ƙasa. Wannan shi ne sabo, kuma a nan yana da gaskiya. Amma in wahalar ta fi ƙarfinsu, ko jini ya daina kawo musu abinci, sai su jigata su kumbura. In ɗauki ya zo da wuri su farfaɗo, in an makara su mutu, wadda ta mutu kuwa ta tafi ke nan. Sugan da ya yi yawa a jininsa shekara da shekaru ya lalata siraran jijiyoyin da ke kai wa kai labarin ƙafa, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. “Ƙafarka ba ƙarfi ta yi ba, Baba,” ta ce. “Masu kawo maka labarinta ne suka faɗi a hanya.”

Ta riƙa nunawa da biro. “Yatsun nan biyu sun mutu, sai an cire su. Daga nan zuwa idon sawu naman yana tsakanin rai da mutuwa, a kansa za mu yi faɗa. In ya farfaɗo, da ƙafarka za ka fita daga nan. In bai farfaɗo ba...” Ta ɗora biron ƙasa da gwiwarsa, ba ta ƙarasa ba.

Goggo ta ji kowace kalma. Ba-Zafi kuwa rabi ya ji, don hankalinsa na can yana tambayar yaushe aka haifi yarinyar nan da har za ta zaunar da shi tana koya masa jikinsa. Abin da ya shige shi sosai shi ne inda biron ya sauka.

Aka kwantar da shi a ɗakin maza, gadon kusa da taga. Ƙarin ruwa, allurai safe da yamma, an hana shayi mai sukari, an hana taka ƙasa. A gadon da ke fuskantarsa akwai wani tsohon kafinta da aka riga aka yanke wa tasa ƙafar, bargo ya kwanta a shafe a inda ya kamata ya yi tudu. Ba-Zafi yakan kau da kai, idon kuma ya koma da kansa.

Sai Dogo ya zo dubiya ya ɓata komai, da kyakkyawar niyya fa. Ya zauna a bakin gado ya ba duk ɗakin tarihin abokinsa, tun daga gwangwanin farko har tokar da ya taka, yana ƙara gishiri duk inda ya ga labarin ya yi lami. Kafin ya tafi Ba-Zafi ya zama sarkin ɗaki. In nas ta zo da allura wani ya fara raki, sai a ce masa, “Haba, kai kuwa, dubi Malam mana.” Masu jinya har kawo 'yan'uwansu suke yi su leƙa shi daga ƙofa. Shi kuma ya kishingiɗa yana karɓar gaisuwa, abin na yi masa daɗi, ƙarya ne a ce ba ya yi.

Kowace safiya likita na zuwa ta kwance bandeji, ta wanke mikin, ta kankare abin da ya mutu, ta lalubi bugun jini da yatsa. Sannan ta ɗauko wani siririn zare mai tauri ta riƙa dangwala masa tana cewa, “Rufe ido, Baba. Ka ji nan? Nan fa?” A farko amsar ba ta da wuya, don ba ya jin ɗin. Aka yi ta haka har makonni. Da magani ya ratsa shi kumburi ya fara sacewa, sai wata safiya audugar da take wanke mikin da ita ta shiga wani lungu a bayan ƙafar, ya ji kamar an zuba masa garwashi a cikin ƙashi. Wuta ta gaske, wadda ta fi gwangwanin tsohon nan nesa ba kusa ba. Gumi ya keto masa. Ya buɗe ido ya ga ɗakin duka shi ake kallo, har kafinta ya tashi zaune.

“Ka ji, Baba?”

“Ban ji komai ba.”

Kada a ce girman kai ne kawai, ko da yake akwai shi, buhu guda. Akwai kuma tunani irin nasa. A ganinsa zafi alama ce ta ciwo ya ci gaba. Da ba ya ji, ai da sauƙi, yanzu da yake ji, ruɓa ce ta hauro. In ya kuskura ya faɗa, yarinyar nan zarto za ta ɗauko. Saboda haka ya ƙudura zai ɓoye zafin har ya saba da shi, yadda ya saba da komai. Kullum zafin na ƙaruwa, kullum yana cewa bai ji ba, kullum fuskar likita na ƙara tsukewa.

“Abin na ɗaure min kai,” ta ce wa Goggo a gabansa. “Launin ya ɗan gyaru, jini na ɗan zuwa. Amma naman da nake sa rai da shi, ina kankara har ciki yana cewa ba ya jin komai. Ba da maganarsa kaɗai za a yanke hukunci ba, amma tana cikin abin da muke dubawa. Gobe babban likitan tiyata zai zo ya gani. Ba ma so mu yi ta jira har ruɓa ta shiga jini.”

Da ta fita, Goggo ta zuba masa abincin nan na marasa lafiya da ba ya sa a lashe hannu, ta zauna tana gyara zanin gado. Ta kama gefensa na wajen matashi ta ɗaga. Duk ya tattaune, ya huhhuje, ya jiƙe.

“Malam, asibitin nan akwai ɓeraye ne?”

“Ina ne babu su? Ko'ina akwai.”

“Masu giɓi irin naka? Ga gurbinsa nan ya fito.”

Ya ci gaba da tauna. Can ya sassauta murya don kada kafinta ya ji. “Ke ba ki gane ba. In na ce ina ji, yankewa za su yi.”

Goggo ta ajiye cokali ta dube shi sama da ƙasa. “Inna lillahi! Wato duk bayanin da yarinyar nan ta yi, kana ina? Yatsun da suka yi baƙi, suna damunka?”

“A'a.”

“Su za a cire ko ba su ba?”

Ya dubi ƙafar.

“Abin da ya mutu ne ba ya jin komai, Malam. Ni ban yi boko ba, amma wannan ko akuya ta sani.”

“To ke ki faɗa mata mana.”

“Ni? In faɗa, ta tambaye ka a gaban mutane, ka ƙaryata ni yadda ka saba? Bakinka ne, ƙafarka ce.” Ta fara haɗa kwanuka da ƙarfi suna ƙara. Sai kuma muryarta ta sauka. “Amma ka sani, bayana ya gama aiki. In suka yanke, ba zan iya ɗaga ka zuwa bayan gida ba. Zan gwada, amma ba zan iya ba. Ni dai tsoro nake ji.”

Bai taɓa jin ta ce tana tsoro ba. Shi ma tsoron yake ji, amma kalmar ba ta san hanyar bakinsa ba. Ya bi ta da kallo har ta fita, ta ɗan karkace gefe guda saboda nauyin jaka.

Washegari ɗaki ya cika. Babban likita ya zo, mutum mai furfura da saurin tafiya, ɗalibai na biye da shi. Dogo ma ya zo ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hula a hannu, yau ba tsokana. Goggo na tsaye wajen kansa. Babban likita ya saurari bayani, ya latsa nan ya latsa can, ya karɓi biro ya ja layi a ƙwaurin Ba-Zafi, ƙasa da gwiwa kaɗan. Sanyin bakin biron kuwa ya ji shi sarai.

“Kafin mu tsai da magana, sake wankewa in gani,” ya ce wa ƙaramar likita.

Ta sa safar hannu ta fara. Audugar ta shiga lungun nan. Ba-Zafi ya damƙe ƙarfen gado. Zai iya daurewa, ya san zai iya, don jiya ya daure, shekaranjiya ma ya daure. Ya dubi mutanen ɗaki, kowa ya miƙo wuya yana jiran ya ga jarumta. Ya dubi bargon kafinta. Ya dubi shuɗin layin da ke ƙafarsa.

“Ka ji, Baba?”

Ya motsa baki. Abin da ya fito, kukan sauro ya fi shi ƙara.

“Na'am? Ban ji ka ba.”

“Na ce da zafi.”

Hannunta ya tsaya cak. “A ina? Nan?” Ta danna.

To fa, ruwan da aka daɗe da datsewa ya ɓalle. “Wayyo Allah! Nan! Nan ɗin! Wayyo Inna!” Dattijo mai jikoki, yana kiran uwar da ta daɗe a ƙasa.

“Nan fa?”

“Nan ma! Ke 'yar nan ba ki da imani ne? Na daɗe ina ji, kullum kashe ni kike yi!”

Mutanen ɗaki suka dubi juna. Sai Dogo ya ɗaga hannu sama ya ce, “Na gode Allah da ya ja kwanana na ga wannan rana!” Wani ya tuntsire da dariya, ɗakin ya ɗauka, har kafinta yana yi yana share ido da gefen bargo.

Ƙaramar likita ba ta yi dariya ba. “Ka daɗe kana ji? Baba, ka san abin da ka kusa jawo wa kanka?” Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma tana da gaskiya. Amma ta ci gaba da bin ƙafar kaɗan-kaɗan, tana dannawa yana amsa mata da ihu, har suka zagaye duk inda rai yake. Babban likita ya sunkuya ya ga jini ja wur yana tsattsafowa daga inda aka kankare. Ya sake lalubar bugun jinin, ya ɗan yi tunani. Ya ce a fara ba bawan Allahn nan maganin kashe zafi tukuna, tun da yanzu an san yana buƙata. Sannan ya jiƙa auduga ya goge layin da ya ja.

“Yatsu biyun dai za su tafi,” ya ce. “Sauran mu ba shi lokaci mu gani. Ban yi alkawari ba. Kuma daga yau in an tambaye ka, ka faɗi abin da kake ji, Malam.”

Suka wuce gado na gaba. Sai a lokacin Ba-Zafi ya lura ba ƙarfen gado yake riƙe da shi ba. A cikin ihun nan ya saki ƙarfen ya cafki hannun Goggo, a gaban ɗalibai, a gaban Dogo, a gaban kowa. Zaman asibiti ba wuta ba aiki ya sa kantar tafinsa ta yi ta saɓulewa tana zuba a gado, ta bar sabuwar fata mai laushi wadda ke jin komai. Abin da fatar nan take ji yanzu kuwa ya ba shi mamaki. Hannun matarsa kaushi ne da shi. Tafin duk ya tsattsage, gefen yatsu ya yi tauri, ga wani tsohon tabo mai tudu a gindin babban yatsa. Ya bi shi da yatsansa a hankali.

“Me ya sami hannunki?”

“Wane hannu?”

“Wannan. Duk ya farfashe.”

“Au. Wanki ne, da wanke-wanke, da sauke tukunya. Me kuwa zai same shi?”

“Tun yaushe?”

Ta dube shi, ta ga da gaske yake tambaya.

“Tun kafin a haifi babbar 'yarka, Malam.”

Ya sake duban tabon. Kunya ta rufe shi, wadda ta fi ta ihun da ya yi, idonsa ya cicciko.

“Sake ni,” ta ce ƙasa-ƙasa, “mutane na kallo.”

Bai saki ba.